Tafiya A Ƙasar Nowe, Inda Ake Raba Shekara Biyu Kafin A Faɗe Ta

Duk baƙon da ya sauka ƙasar Nowe da niyyar zama, ko karatu ya kawo shi ko aiki ko neman mafaka, tambayar da zai fara cin karo da ita a kowane ofis ita ce ta ranar haihuwarsa. A ofishin 'yan sanda za a yi masa ita, a asibiti za a yi masa ita, haka a banki da ofishin haraji. Dalili kuwa shi ne, lambar shaidar da hukuma ke bai wa mazaunin ƙasar tana da lambobi 11, shidan farko kuwa su ne rana da wata da shekarar da aka haifi mutum. Rubuta su ba wuya, tun da lambobin nan ne da kowa ya sani. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen faɗarsu da baki, da kuma ganewa idan wani ya faɗa. Wanda aka haifa a 1985, in kunnensa bai goge ba, yana iya amsa wa ma'aikaci da na'am alhali 1958 aka ce, sai ya wayi gari an ɗora masa shekara 27 a takarda, ko kuwa a yi ta neman sunansa a asibiti a rasa.

Ita Nowe doguwar ƙasa ce siririya a can ƙuryar arewacin Turai, teku na yamma da ita, Suwidin na gabas, mutanenta kuma sun ɗara miliyan 5. Mutane ne masu riƙon tarihi, har kusan kowane babban gari yana da wata shekara da ta zame masa kamar laƙabi. Saboda haka mai koyon harshensu ba shi da makarantar da ta fi ya bi ƙasar gari-gari, yana sauraron yadda ake kiran shekarar kowanne.

EIDSVOLL

Babban filin jirgin saman ƙasar yana Gardermoen, kimanin kilomita 50 arewa da Oslo, babban birni. Yawancin matafiya da sun sauka sai su yi kudu su shiga birni. Amma wanda ya hau jirgin ƙasa ya yi arewa, cikin 'yan mintoci zai isa Eidsvoll, inda wani farin gidan katako mai bene yake tsaye tsakanin itatuwa, kusa da wani ɗan kogi. Gidan na wani attajiri ne mai masana'antar ƙarfe, sunansa Carsten Anker. A cikinsa ne wakilai 112 suka taru tun daga ran 10 ga Afrilu 1814, bayan da Sarkin Danmak, wanda ya goyi bayan Napoleon aka ci su da yaƙi, ya sallama Nowe ga Sarkin Suwidin ba tare da an shawarci mutanenta ba. Wakilan nan suka ce ba su san zancen ba, suka rubuta wa ƙasarsu tsarin mulki, aka sa masa kwanan wata 17 ga Mayu. Ko da yake kafin shekarar ta ƙare tilas ta sa sun yarda su zauna ƙarƙashin sarki ɗaya da Suwidin, tsarin mulkin bai faɗi ba, har yau ma shi ake aiki da shi bayan gyare-gyare.

To, mai yi wa baƙi jagora a gidan nan, in zai ambaci shekarar, tsaga ta yake yi biyu, 18 daban, 14 daban, ya ce "atten fjorten", watau sha takwas, sha huɗu. Wannan ita ce uwar ƙa'ida, kuma tana aiki a kan dukan shekarun da ke tsakanin 1100 da 1999. Akwai doguwar hanya wadda aka fi ji a bakin mai jawabi ko mai karanta takarda, "atten hundre og fjorten", watau ɗari sha takwas da sha huɗu. Bahaushe kan ce alif ɗari tara da sittin, ya fara da dubu. Mutumin Nowe kuwa ba ruwansa da dubu a waɗannan shekaru, ɗaruruwa yake ƙirgawa.

Ke nan wanda ya iya ƙirga 1 zuwa 99 ya iya faɗin shekarun ƙarni tara. Daga 1 zuwa 10 ana cewa en, to, tre, fire, fem, seks, sju, åtte, ni, ti. Daga 11 zuwa 19 kuma elleve, tolv, tretten, fjorten, femten, seksten, sytten, atten, nitten. Daga 20 zuwa 90, goma-goma, su ne tjue, tretti, førti, femti, seksti, sytti, åtti, nitti. Ɗari "hundre" ce, dubu "tusen". Sai dai rubutu daban, lafazi daban. Kalmar "og", wadda ke nufin "da", "o" kawai ake jin ta. "Tolv" ana cewa "tol", "seksten" kamar "saisten", "sju" kuwa kamar "shu". Har ila yau akwai tagwayen da ke rikita baƙo, domin ƙarshensu kaɗai ya bambanta: tretten 13 da tretti 30, femten 15 da femti 50, nitten 19 da nitti 90. Shekarar 1919 "nitten nitten" ce, ta 1990 kuwa "nitten nitti", tsakaninsu shekara 71, amma a kunne harafi ɗaya ne tak.

OSLO

Daga Eidsvoll jirgin ƙasa ba ya cin awa guda ya kai Oslo. Da fitowa daga tasha sai Titin Karl Johan, wanda ya miƙe har fadar sarki a kan wani ɗan tudu. Wajen tsakiyar titin akwai wani ginin bulo mai ruwan ɗorawa, shi ne Storting, majalisar dokokin ƙasar. A nan ne ran 7 ga Yuni 1905 'yan majalisa suka yanke cewa haɗin kai da Suwidin ya ƙare. Ran 13 ga Agusta aka yi ƙuri'ar raba gardama, mutum 368,208 suka goyi bayan rabuwa, 184 kacal suka ƙi. Ba a harba ko harsashi ɗaya ba. A watan Nuwamba wani ɗan sarki daga Danmak ya iso ya hau gadon sarauta da sunan Haakon na 7.

Wannan shekara tana koya wa ɗalibi abin da zai yi da sifiri. Ko dai ya ce "nitten null fem", watau sha tara, sifiri, biyar, ko kuma ya ɗauki doguwar hanya ya ce "nitten hundre og fem". A bakin tsofaffi akan ji "nitten fem" kurum. Idan kuwa lambobi biyun ƙarshe duka sifiri ne, sai a tsaya a ɗari: 1900 "nitten hundre", 1800 "atten hundre".

Gangarawa kaɗan wajen bakin ruwa akwai tsohuwar ganuwar Akershus. A 1624, "seksten tjuefire", gobara ta cinye tsohon garin Oslo, sai Sarki Christian na 4 na Danmak ya sa aka sāke gina shi a gindin ganuwar, ya kuma raɗa masa sunansa, Christiania. Sai a 1925, "nitten tjuefem", aka mayar wa birnin da sunansa na asali. To, a wannan shekara ta 1925 ɗin, mutanen da suka shaida bikin ba "tjuefem" suke cewa ba. "Femogtyve" suke cewa, watau biyar da ashirin. Nan ne babban tarkon yake.

ƘIDAYA BIYU A ƘASA ƊAYA

A da mutanen Nowe, kamar Jamusawa da mutanen Danmak har yau, ƙaramar lamba suke fara faɗa kafin babba. Wanda ya yi karatun Larabci ba zai ji wannan baƙo ba, domin Balarabe ma biyar yake fara kira kafin ashirin, ko da yake Hausa, wadda ta aro ashirin da talatin da arba'in daga Larabci, ba ta aro wannan juyi ba. Abin ya zauna lafiya ƙarni da ƙarni, sai da wayar tarho ta yawaita. Sa'ad da lambobin tarho na Oslo suka kai shida, mutane na faɗarsu bibbiyu, sai kuskure ya yi yawa. A ce wa mutum 42, ya ji "to-og-førti", biyu da arba'in, yatsarsa ta riga ta juya 2 kafin ya ji arba'in ɗin. Ma'aikatar waya ta kai kuka, magana ta je majalisa, a 1950 aka zartar, daga ran 1 ga Yuli 1951 kuma sabuwar ƙidaya ta zama ta hukuma: babbar lamba a gaba, ƙarama a baya, ba "og" a tsakani, kamar yadda Ingilishi da harshen Suwidin ke yi. Aka kuma ɗauki "sju" da "tjue" da "tretti" maimakon "syv" da "tyve" da "tredve", waɗanda suka fi kusa da harshen Danmak.

Makarantu suka bi, gidan rediyon gwamnati ya bi. Amma doka ta iya sarrafa allo da alli, ba ta iya bin mutum har ɗakin uwarsa ba. Fiye da shekara 70 ke nan, tsohuwar ƙidayar ba ta mutu ba. An fi jin ta a bakin manya, musamman wajen faɗin shekarun haihuwa da farashi da shekarun da suka wuce, kuma ba abin mamaki ba ne a ji mutum ɗaya ya yi amfani da duka biyun a hira guda. Ita kanta shekarar da aka sāke dokar suna biyu gare ta, "nitten femtien" da "nitten enogfemti". Kalmar "syv" ma ta ƙi gushewa, har aka sāke karɓar ta a rubutun hukuma a 2005. Tana kuwa da amfani, domin farkon "tjue" wani sauti ne mai fita tsakanin harshe da ganɗa, kusa da "hy", matasa da yawa kuma sun maishe shi "sh", har "sju" 7 da "tjue" 20 suka yi kama a waya.

Wanda ke son jin tsohuwar ƙidaya da kunnensa, ya ja wani dattijo da hirar yaƙin duniya na biyu. Da asubar 9 ga Afrilu 1940, "nitten førti", jiragen ruwan yaƙin Jamus suka shigo mashigin ruwan Oslo. Sojan da ke sansanin Oscarsborg, daura da garin Drøbak, suka nutsar da babban jirginsu mai suna Blücher, wannan jinkiri kuwa shi ya ba sarki da gwamnati damar ficewa daga birnin. Shekara biyar ƙasar ta yi a hannun Jamus, sai ran 8 ga Mayu 1945 ta sami kanta. A littafin makaranta "nitten førtifem" ne, amma dattijo zai ce "femogførti", sau da yawa ma ba zai damu da "nitten" ɗin ba. Haka in ana zancen 1972, shekarar da mutanen Nowe suka ƙi shiga Kasuwar Tarayyar Turai, za a ji "toogsytti", biyu da saba'in. Baƙon da ya rubuta abin da ya fara shiga kunnensa, 27 zai rubuta.

BERGEN

Daga Oslo zuwa Bergen, a bakin tekun yamma, tafiyar wajen awa bakwai ce a jirgin ƙasa. An buɗe hanyar a 1909, "nitten null ni". Jirgin kan bar dazuzzuka ya hau tsaunuka har ya kai inda itace ba ya tsirowa, ya tsaya a tashar Finse mai tsayin mita 1,222 bisa teku, inda ko da bazara akan hangi ƙanƙara kwance a kan duwatsu. Daga nan sai gangara, rami bayan rami a cikin dutse, har a ɓullo Bergen, garin ruwan sama, wanda tsaunuka suka yi wa zobe.

A bakin tashar jiragen ruwa akwai Bryggen, jerin gidajen katako masu tsinin kai, ja da rawaya da fari, sun jingina da juna kamar tsofaffin aminai. Fataken Jamus na ƙungiyar Hansa suka kafa ofishinsu a nan wajen 1360, suna sayen busasshen kifin da ake kawowa daga tsibiran Lofoten na arewa, suna kawo hatsi. Irin kifin nan ne mai tauri kamar itace wanda har yau Nijeriya ke cikin manyan masu sayensa. Gidajen da ake gani yanzu an sāke gina su ne bayan babbar gobarar 1702, "sytten null to", a 1979 kuma Hukumar UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya.

Amma shekarar da ta fi nauyi a garin ita ce 1349, "tretten førtini". A cikinta ne, bisa ga tsofaffin labarai, wani jirgin ruwa daga Ingila ya shigo da Baƙar Annoba, ta bi ƙasar ta kashe wajen rabin mutanenta, gonaki da yawa suka koma daji. Mutanen Bergen daga maƙogwaro suke fitar da harafin "r", saboda haka "tretten førtini" a bakinsu ya sha bamban da na mutumin Oslo, wanda ke kaɗa harshe kamar Bahaushe.

A gidajen tarihin garin ɗalibi zai ci karo da wani tarkon kuma. Zai ga an rubuta "1300-tallet", ana karanta shi "trettenhundretallet". Ba ƙarni na 13 ake nufi ba. Shekarun da suka fara da 13 ake nufi, daga 1300 zuwa 1399, watau ƙarni na 14. Haka "attenhundretallet" shi ne ƙarni na 19. Wanda ya manta ya ƙara ɗaya wajen fassara, ya ɓatar da shekara 100 cif. Da wannan salo ake kiran shekaru goma-goma ma: "åttitallet" su ne shekarun 1980 zuwa 1989.

TRONDHEIM DA STIKLESTAD

Jirgin ruwan fasinja mai bin gaɓar teku kan tashi daga Bergen da dare, ya yi arewa yana ratsa tsibirai, bayan kwana biyu ya wayi gari a Trondheim. Garin yana bakin kogin Nidelva, ana kuma danganta kafa shi ga Sarki Olav Tryggvason a shekarar 997. Shekarun da ba su kai dubu ba, ana faɗarsu kamar kowace lamba: "ni hundre og nittisju". A tsakiyar garin akwai babbar majami'ar Nidaros, ta baƙin dutse, wadda aka gina a kan kabarin wani Olav ɗin, Olav Haraldsson. An kashe shi a fagen fama a Stiklestad, kimanin kilomita 90 arewa maso gabas da garin, ran 29 ga Yuli 1030, mutanen ƙasar kuma suna ɗaukar wannan rana a matsayin alamar kafuwar addinin Kirista a Nowe. Shekarun da ke tsakanin 1000 da 1099 hanya biyu gare su. Ana cewa "tusen og tretti", dubu da talatin, ana kuma cewa "ti tretti", goma, talatin.

Wannan hanya biyu ita ce ta sāke dawowa bayan shekara dubu. Da aka shiga 2000 kowa ya ce "to tusen", dubu biyu, shekarun da suka biyo kuma aka fi kiransu "to tusen og en", "to tusen og fem", har zuwa 2009. Daga 2010 sai tsohuwar al'adar tsagawa ta fara dawowa, aka riƙa jin "tjue ti" tare da "to tusen og ti". Kafin 2020 gajeriyar ta yi ƙarfi sosai, domin "tjue tjue" ya fi "to tusen og tjue" sauƙi a baki. Duka biyun ana jin su a rediyo da kasuwa, ba kuwa wanda zai yi wa baƙo dariya don ya zaɓi ɗaya. Shekarar da za a cika dubu da yaƙin Stiklestad, 2030, ana kiran ta "tjue tretti", tana amsa amon "ti tretti" ta asali.

RANAKUN DA BA SU BUKATAR SHEKARA

Akwai kuma ranakun da girmansu ya sa an daina haɗa su da shekara. Mutanen Nowe rana suke fara sawa kafin wata, da ɗigo a bayan lambar, ɗigon kuwa yana nufin a karanta ta da sigar jeri, watau kamar a ce rana ta sha bakwai. In aka rubuta "17. mai" sai a ce "syttende mai", kowa kuma ya san ranar tsarin mulki ce, ranar da yaran makaranta ke cika Titin Karl Johan da tutoci, iyalin sarki na ɗaga musu hannu daga benen fada. In aka ce "niende april", an san mamayar Jamus ake nufi. In kuwa aka ce "tjueandre juli", 22 ga Yuli, sai fuskoki su canza, domin ranar ce a 2011 wani ɗan ƙasar mai tsattsauran ra'ayi ya tayar da bam a unguwar ofisoshin gwamnati a Oslo, ya kashe mutum 8, sa'an nan ya wuce tsibirin Utøya ya hallaka 69, yawancinsu matasa. Baƙon da ya ji an ambaci ɗaya daga ranakun nan ya tambaya wace shekara, ya nuna bai daɗe da zuwa ba.

Wannan sani kuwa ya wuce abin ado. Mai neman zama ɗan ƙasa a Nowe sai ya ci jarrabawar magana da harshen, da kuma ta sanin tarihi da zamantakewar ƙasar, 1814 da 1905 kuwa su ne ginshiƙan tarihin nan. Abin da ya kamaci ɗalibi shi ne, da bakinsa ya riƙe sabuwar ƙidaya, domin ita ce ta makaranta da ofis kuma kowa na gane ta, amma ya horar da kunnensa a kan duka biyun. Da zarar ya ji ƙaramar lamba da "og" a bayanta, ya dakatar da alƙalami har a kai ƙarshe. Ya haddace shekarar haihuwarsa da ta 'ya'yansa ta hanyoyin biyu, ya san "åttifem" da "femogåtti" duk 85 ne, "femtiåtte" da "åtteogfemti" kuma 58. In lamba ta shige masa duhu a waya, ko a gaban likita, ya roƙa a faɗa masa ita ɗai-ɗai, "åtte, fem", shi ma ya maimaita haka. Matambayi ba ya ɓata, in ji masu iya magana, su kansu mutanen Nowe kuwa haka suke yi wa junansu idan lambar mai muhimmanci ce.